Wa Ya Gaya Miki? Amsa Ga Ɗalibar Da Ke Son Binciken Tunawa, Hifnosis Da Tsufan Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe a sashen nazarin halayyar ɗan Adam ta rubuto cewa: "Malam, na ga wasu farfesoshi a ƙasashen waje sun ƙarar da rayuwarsu a kan abu uku: tunawa, hifnosis da tsufan ƙwaƙwalwa. Me ya haɗa su? Shi hifnosis ɗin ba tsibbu ba ne? In ina son bin wannan hanya, ta ina zan fara?"

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Tambaya uku kika jero, amma duk suna komawa ga guda, kuma a gidanmu na fara ganinta tun kafin in san sunanta a littafi.

Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta haura shekara 80 tana karanta izu biyun da ta haddace tun ƙuruciya ba gargada. Sunayen dangi har tattaɓa-kunne suna bakinta, ta san wa ya auri wa, da damina aka yi ko da rani. Wata rana ta ce wa ƙanwata, "Ai matar yayanku ce ta ce kina neman sayar da gonar gado." An yi maganar, wannan gaskiya ne, amma wata maƙwabciya ce ta shigo da ita kwana uku kafin nan, a gabana ma. Matar yayanmu ko ƙofar gidan ba ta taka ba a makon. Mun fi wata guda muna ɗinke ɓarakar. Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Ta rantse, kuma da zuciya ɗaya ta rantse. Labarin ya zauna daram a kanta, igiyar da ta ɗaure shi da bakin da ya fito ce ta tsinke, sai ƙwaƙwalwa ta jawo bakin da ya fi kusa ta ɗaura masa. Abin da na fi shekara 20 ina bi ke nan: ta yaya mutum yake sanin inda abin da ke kansa ya fito, kuma me ya sa tabbacinsa yake rabuwa da gaskiya shi bai ji komai ba?

Yawancinmu muna ɗaukar ƙwaƙwalwa kamar rumbu: ka zuba hatsi, ka ɗebo in buƙata ta taso, in ya ragu ka ce ɓera ne ko gara. Masu bincike ma da wannan suka fara. A 1885 Hermann Ebbinghaus, wani Bajamushe, ya fitar da sakamakon shekarun da ya yi yana haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya gano mafi yawan asarar a sa'o'in farko take aukuwa, daga nan ta lafa. Duk mai tilawa ya san haka a jikinsa. Sai a 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kembirij ya nuna rumbun nan yana taɓa abin da aka zuba masa. Ya ba Turawa wata tatsuniya ta mutanen asalin Amurka ta Arewa, ya riƙa sa su maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Suka zubar da abin da bai yi kama da al'adarsu ba, suka cike guraben da abin da suka saba, kuma kowa yana ganin yadda ya ji yake faɗa. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane hoton bidiyo na hatsarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "bugi juna", wasu kuma lokacin da suka "ragargaji juna". Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da aka ce wa "ragargaji", 16 suka ce sun gani; cikin 50 na ɗaya ɓangaren, 7 kawai. Babu gilashi ko ɗaya a bidiyon. Kalma guda a bakin mai tambaya ta shige cikin abin da suke jin idonsu ya gani.

Yanzu hifnosis, wato sa mutum cikin wani yanayi na natsuwa da mai da hankali ta hanyar magana, har ya riƙa amsa abin da aka faɗa masa. Sunan ma ya ɓatar da mutane, domin daga kalmar barci ta Girkanci aka ciro shi, kuma James Braid, wani likitan fiɗa ɗan Sikotland, ya yayata shi a shekarun 1840, alhali wanda ake yi wa ba barci yake ba. Kafin Braid, Franz Mesmer ya cika Paris da iƙirarin cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da yake zuba wa mutane a jiki. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamiti, ciki har da masanan kimiyya Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier. Suka rufe wa mutane ido, sai ga shi mutum yana shiga yanayin in ya zaci ana yi masa ko da ba a yi, kuma ba ya jin komai in ana yi bai sani ba. Suka yanke cewa babu wani ƙarfi, tunanin mutum ne yake aikin.

Ranar da na fara zama a ɗakin gwaji ina kallo, lokacin ina karatun digiri na uku a waje, da addu'a a bakina na shiga, domin ni ma da tsoron abin na taso. Na tarar da ƙaramin ɗaki, kujera mai laushi, wata ɗaliba a zaune, malama tana karanta takarda da murya a kwance. Ta ce mata ta kafa ido a kan wani ɗigo a bango, ta saki jiki. Can ta ce, "Miƙa hannunki. Ki ji kamar an ɗora miki abu mai nauyi, yana ƙara nauyi." Hannun ya fara sauka a hankali har ya kai cinya. Aka ce mata ga sauro yana shawagi kusa da kunnenta, ta yamutsa fuska ta kai hannu ta kore shi. Da aka gama ta ce ta ji duk abin da aka faɗa, ta san inda take, amma hannun "shi ya sauka da kansa". Wanda ya biyo bayanta saurayi ne, aka karanta masa takardar nan kalma da kalma, hannunsa ko gezau, ya ce shi dai muryar ta sanyaya masa rai.

Wannan bambanci tsakanin su biyun shi ne tushen fannin. A 1959 Ernest Hilgard da André Weitzenhoffer suka fitar da ma'auni a Jami'ar Stanford, umarni 12 da ake karanta wa kowa iri ɗaya a ƙirga nawa ya amsa. Kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na mutane suna amsawa sosai, wasu kusan ba sa amsawa sam, yawanci suna tsaka-tsaki. An nemo mutanen da aka auna aka sake auna su bayan shekara 25, aka buga sakamakon a 1989, aka tarar kowa yana kusa da inda yake a da. Ikon yana jikin wanda ake yi wa, mai karanta takarda kuwa ko ni ne ko ke, duk ɗaya. Saboda haka ga amsata a fili: a abin da na gani kuma na yi da hannuna babu surkulle, babu laya, babu turare, babu kiran kowa. Magana ce, da mai da hankali, da yardar wanda ke kan kujera. Hukuncin shari'a na malamai ne, ki kai musu. Amma ki kai musu bayanin abin da ake yi a ɗakin gwaji, kada ki kai musu wasan da ake yi a dandamali don a ba 'yan kallo dariya.

Abin da ya jawo masu binciken tunawa cikin wannan ɗaki shi ne, a nan za ka iya sa mutum ya manta da abu cikin minti goma, sannan ka ba shi alama ya dawo masa, ka san cewa mantuwa ba lallai gogewa ba ce. A shekarun 1960 da 1970 Frederick Evans ya yi gwajin da ya fi kowanne tsaya mini a rai. Yana koya wa mutane, suna cikin yanayin, wasu bayanai da ba kowa ya sani ba, misali cewa dutsen ado mai launin shunayya da ake kira ametis yana komawa rawaya in an gasa shi. Sai ya ce musu za su manta da duk abin da ya wakana a zaman. Bayan sun tashi ya tambaya: wane launi ametis yake komawa? Wasu daga cikinsu suka amsa daidai nan take. A ina ka sani? Sai kame-kame: wannan ya ce wataƙila a aji ya ji, wancan ya ce ya taɓa karantawa. Za ki ce ai wasa suke. Martin Orne na Jami'ar Pennsylvania ya riga ya tanadi maganin wannan zargi: a kawo mutanen da abin ba ya kama su, a ce su yi kwaikwayo a gaban mai gwajin da bai san waye waye ba. Masu kwaikwayon suka nuna sun manta komai har da amsar, domin haka suke zaton ake yi. Riƙe amsa a zubar da tushenta, na gaskiyar ne kawai suka yi. Ranar da na karanta wannan, Hajiya da maganar gona suka faɗo mini.

Abin bai tsaya a jami'a ba. A 1976 aka sace yara 26 da direban motar makarantarsu a Chowchilla ta jihar Kalifoniya, kuma da aka yi wa direban hifnosis ya kawo mafi yawan lambobin motar ɓarayin. Labarin ya bazu, 'yan sandan Amurka suka rungumi abin, aka riƙa kwantar da shaidu ana "tono" musu abin da suka gani. Masu bincike ne suka taka birki. A 1983 Jean-Roch Laurence da Campbell Perry a Montreal ta Kanada suka ɗauki mutum 27 masu amsawa sosai, kowa ya zaɓi wani dare da ya ce ya yi barci lafiya, sannan cikin hifnosis aka cusa masa cewa wata ƙara ta tashe shi a daren. Bayan an tashe su, 13 suka ce lallai an yi ƙarar. Sauran gwaje-gwaje suka nuna abu ɗaya: mutum yana ƙara yawan abin da yake faɗa, mafi yawan ƙarin kuskure ne, tabbacinsa kuma yana hauhawa. A kotu kuwa alƙali da masu taya shi tabbacin shaida suke kallo. Kotun ƙolin Kalifoniya ta ƙi karɓar irin wannan shaida a 1982, ƙungiyar likitocin Amurka ta yi gargaɗi a kanta a 1985, jihar Texas kuwa sai a 2023 ta hana da doka. Orne ya yi shekaru yana shiga kotuna a kan wannan. In kina tambayar amfanin bincike, akwai mutanen da wannan aiki ya tsaya tsakaninsu da igiya.

Mu Musulmi bai kamata abin ya zama mana baƙo ba. Malaman hadisi sun ware babi guda ga maruwaitan da suka samu ikhtilaɗi, wato amintattu ne, amma a ƙarshen rayuwa riwayoyi suka cakuɗe musu. Ba su ce maƙaryata ne ba. Sun bi diddigi: wa ya ji daga gare shi kafin cakuɗewar, wa ya ji bayanta? Shi ya sa aka karɓi abin da Shu'uba da Sufyanus Sauri suka ji daga Aɗa'u ɗan Sa'ib, domin da wuri suka ji. Suna kuma da kalmar talƙini: a laƙƙana wa dattijo abin da ba nasa ba, ya karɓa a matsayin nasa. Sun bambanta riƙe matani da riƙe isnadi fiye da shekara dubu kafin a gina ɗakin gwaji na farko, kuma ina gaya wa ɗalibaina cewa aikinmu auna isnadin cikin kai ne.

Tsufa ba ya taɓa komai daidai wa daida. Kalmomi, sanin duniya, karatun da aka haddace, sana'ar hannu, waɗannan suna tsayawa, wasu ma suna ƙaruwa har bayan shekara 60. Abin da yake fara yin sanyi shi ne saurin sarrafa sabon abu, da riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda, da tuna a ina, yaushe, daga bakin wa. Fergus Craik da abokan aikinsa a Toronto sun nuna tun shekarun 1980 cewa tsofaffi sun fi rasa tushen bayani fiye da bayanin kansa. Wani bincike da aka buga a 2005 ya fi tayar mini da hankali: an gaya wa dattawa cewa wasu maganganu ƙarya ne, wasu sau ɗaya, wasu sau uku. Bayan kwana uku, waɗanda aka fi maimaita gargaɗi a kansu su suka fi ɗauka a matsayin gaskiya. Gargaɗin ya zube, sabo da maganar ya rage, sabo kuma yana kama da gaskiya. Ki tuna da wannan duk lokacin da kika ga saƙon maganin ƙarya yana yawo a WhatsApp ɗin iyayenmu. Sai dai ki kiyaye: wannan duk tsufa ne na lafiya. Gigin tsufa, inda mutum yake ɓata a unguwarsu ko ya kasa gane ɗansa, cuta ce, asibiti ake kai shi, kuma ba maita ba ce.

Yaushe sanyin yake farawa? A nan masana suka rabu, kuma rabuwar za ta koya miki sana'ar. In kika auna ɗan 25 da ɗan 75 a rana ɗaya, kamar yadda Timothy Salthouse ya yi da dubban mutane, za ki ga gangara tun daga shekarun 20 da 30. Amma su biyun ba makaranta ɗaya suka yi ba, ba abinci ɗaya suka ci ba. K. Warner Schaie ya bi wata hanya: a 1956, yana ɗan shekara 28, ya auna mutum 500 a Seattle don digirinsa na uku, sannan ya riƙa komawa duk bayan shekara 7 yana ƙara sababbi. Ya tarar yawancin basira ba ta yin ƙasa a fili kafin shekara 60. Ita ma hanyar tana da ramukanta, domin mai maimaita jarrabawa yana sabawa da ita, marasa lafiya kuma suna daina zuwa. Schaie ya rasu a 2023 yana da shekara 95, kusan duk rayuwarsa a kan bincike guda. A Sikotland kuma, ranar 1 ga Yunin 1932 aka yi wa yara 87,498 haifaffun 1921 jarrabawar basira, takardun suka kwanta har Ian Deary da Lawrence Whalley suka tono su a shekarun 1990, suka nemo waɗanda suka rage suka sake ba su jarrabawar suna kusan 80. Wanda ya tsara aikin bai ga amfaninsa mafi girma ba.

To ta ina za ki fara? Ki kafa ƙafarki a kan tunawa, domin ita ce uwa. Digiri na biyu da na uku ki yi su a fannin nazarin tunani da fahimta, kuma ki zaɓi malamin da zai duba aikinki ta hanyar karanta maƙalunsa na shekaru biyar da suka wuce, kada sunan jami'a ya ruɗe ki. Ki koyi ƙididdiga har ta zama miki kamar lissafin cefane. Na ga ɗalibai masu kaifin basira sun tsaya cak a nan. Hifnosis kuwa ki riƙe shi a matsayin kayan aiki. Ɗakunan gwajinsa kaɗan ne a duniya, kuɗin bincikensa ƙalilan ne, kuma manyansa irin su Hilgard sun yi suna a kan koyo da tunawa kafin su shige shi. Kada ki taɓa gwada shi a kan kowa sai da horo da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kada kuma ki yi amfani da shi don tono wa wani abin da ya same shi yana yaro. Kin riga kin ji abin da yake haifarwa.

Wurin da ake jiranki shi ne wajen tsofaffinmu. Daga 1992 masu bincike na Ibadan da na Indianapolis suka bi dattawan Yarabawa da baƙaƙen fatan Amurka da ma'auni iri ɗaya, kuma sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna sababbin masu kamuwa da gigin tsufa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Kafin su kai ga haka sai da suka gyara ma'aunin kansa. A Ibadan ɗin aka yi amfani da gwajin jera tsinken ashana huɗu a madadin zane da fensir, don wanda bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba.

Ni sai da na yi kuskure na gane muhimmancin wannan. A aikina na farko bayan dawowa gida na ɗauki wani gwajin gano gigin tsufa mai maki 30 da aka fitar a Amurka a 1975, na fassara shi, na shiga gidaje. Na zauna a kan tabarma gaban wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli. Na ce, Iya, yau nawa ga wata? Ta ce, "Sha biyu ga watan Gani, ɗan nan." Takardata watan Bature take nema, na cire mata maki. Na ce ta riƙa cire 7 daga 100, ta dube ni ta ce, "Bakwai ɗin me?" Na miƙa mata fensir ta kwaikwayi wani zane, ta riƙe shi kamar muciya. A takarda ta fito a mai gigin tsufa. Ina shirin tashi wani yaro ya zo da kuɗi, ta lissafa masa canji da bashin uwarsa na mako uku a ka, ba ta yi kuskuren kwabo ba. Ga shi kuma bayan Azahar nake zuwa, cikin zafi, alhali tun 1993 Cynthia May da Lynn Hasher sun nuna yawancin tsofaffi da safe suka fi kaifi, har tazararsu da matasa takan ragu sosai in da safe aka gwada su. Na watsar da aikin wata huɗu na sake daga farko, kuma har yau ina jin nauyin makin da na rubuta wa baiwar Allah nan.

Ga abin da zan so ki yi da aikin kammala digirinki, ba ya buƙatar na'ura ko tallafi. Ki nemi izinin sashenku, ki samu dattawa 20 da matasa 20 masu irin zurfin karatu ɗaya. Ki naɗi gajerun bayanai 20 da Hausa a waya, rabi da muryar mace, rabi da ta namiji, abubuwan da ba a sani ba amma na gaskiya. Ki je da hantsi, bayan an karya kumallo. Ki yi gaisuwa cikakkiya, ki bayyana musu cewa ba jarrabawar hankali ba ce kuma kowa yana da damar cewa ya gaji. Ki kunna musu, ku yi hira ta minti 20, sannan ki tambayi abu uku a kan kowane bayani: mene ne aka ce, wace murya ta faɗa, kuma yaya ƙarfin tabbacinki, Iya? Ki rubuta amsa ta uku da kulawa kamar ta farko, ki lura da wuraren da aka rantse a kan muryar da ba ita ba. In kin tattara, ki turo mini mu duba tare.